Abin da Ke Bayan Rumbun Kaka

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, ni da abokina mai ɗaukar mini bidiyo, ko karyawa ba mu tsaya yi ba. Ku da kuke bibiyata kun san sana'ata: in zauna gaban kwamfuta in buga wasannin bidiyo na ban tsoro, ina ihu kuna dariya. Kun kuma san ba jarumta ce ta kai ni ba, don ni mutum ne da ko ƙadangare ya faɗo daga rufi sai na yi salati. Wannan karon gayyata aka yi mini zuwa Abuja. Wani matashi Bagbagyi da ke zaune a Kubwa, wanda abokansa ke kira Injiniya, ya ƙera wasan ban tsoro da Hausa, irin mai labari tun daga farko har ƙarshe, yana so in gwada kafin ya kai shi wani baje koli da za a yi a birnin. Shekaru ya kwashe a kan aikin, har aikin albashinsa ya ajiye saboda shi. A waya ya ce mini akwai wata magana kuma, amma sai na zo.

Daga Zariya zuwa Kaduna hira ake yi a motar hayar da muka shiga kamar gidan suna. Muna wuce Kaduna muka doshi Kateri sai baki ya mutu. Direba ya rage rediyo, wata mata a bayana ta ciro carbi, kowa ya zuba wa dajin gefen hanya ido yana nuna kamar ba shi yake kallo ba. Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya san wannan shirun. Ni dai duk babur ɗin da ya ɓullo daga wata 'yar hanya sai gabana ya faɗi. Abokina ya matso ya raɗa mini cewa da ya ɗauki fuskata a lokacin da mun samu masu kallo fiye da kullum.

Sai da muka kai Tafa numfashi ya dawo. Mata suka yanyame motar da doya da ayaba da dafaffiyar gyaɗa, muka sayi tsire mai zafi muka ci a tsaye. Daga nan tsada ta fara yi mana maraba. Ruwan leda ma a Zuba sai da na sake tambayar kuɗinsa, mai sayarwar ta dube ni ta ce, "Oga, nan Abuja ne fa." Na biya.

Kubwa gari ne na ma'aikata. Mun shiga da hantsi, lokacin da masu zuwa ofis suka riga suka cika bas-bas suka tafi birni, sai muka tarar da layuka shiru, ƙofofi a kulle, shanya a igiya. Injiniya ya tarbe mu a bakin titi. Siriri ne, mai sanyin magana, idanunsa sun faɗa irin na wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ɗakinsa ciki da falo ne, falon ya zama wurin aiki, tagogin duk an rufe su da baƙin yadi. Ya soya mana taliya da ƙwai, muka ci, sannan ya ɗora mini abin sauraro a kunne, ya miƙo mini abin dannawa, ya kashe fitila. Rana tsaka ce a waje, amma a ɗakin ko tafin hannuna ba na gani.

Labarin wasan ya koma shekarun da ake kwaso gwamnati daga Legas ana dawo da ita Abuja. Kai ne ma'aikacin awon fili, an tura ka wani ƙauye da aka riga aka tashi mutanensa, ka kafa turaku inda titi zai bi. Motar da ta kawo ka ta juya ta bar ka, rana ta kusa faɗuwa. Ba bindiga, ba adda, daga kai sai tocila da igiyar awo.

Na buga wasannin Turawa ba iyaka, masu gidajen katako da dusar ƙanƙara. Tsoronsu a fuskar kwamfuta yake tsayawa, don ban taɓa kwana a irin gidajen nan ba. Wannan kuwa rumbu ne irin wanda na sani, da turmi, da murhu mai duwatsu uku, da randa a gindin bishiya. Sai ka ji ana daka a wani gida. Ka shiga, dakan ya tsaya, ga taɓarya a jingine tana ɗan motsi, ba kowa. Ka taɓa tukunya, wasan ya ce maka da ɗuminta. Na daɗe ina yawo ban ga komai ba, kuma rashin ganin ne ya fi kashe ni. A nan irin waɗannan wasannin suka fi fim, domin a fim wani ne ke buɗe ƙofa kana cewa kada ya buɗe, a nan kuwa da ɗan yatsanka za ka tura ta.

Can sai murya ta taso daga nesa. Tsohuwa ce take kiran wani suna, tana jan ƙarshensa, tana ƙara wasu kalmomi da yaren Gbagyi. Ba na jin yaren, amma duk wanda uwa ta haifa ya san wannan kiran, na yamma ne, na yaro ya dawo gida tuwo ya sauka. Duk gidan da na shiga sai kiran ya ƙara matsowa. Da na ji shi daidai ƙeyata sai na wurgar da abin dannawar, na fizge na kunnen, na ce a kunna fitila don girman Allah. Abokina yana ta dariya, amma na lura shi ma ya ja kujerarsa ya jingina da bango.

Da na huce na koma na ƙarasa, sannan na gaya wa Injiniya gaskiya, tunda don ita ya kira ni. Akwai wuraren da wasan ke ƙwace maka hannu ya sa ka zauna kallon doguwar hira, har tsoron ya huce kamar shayin da aka manta. Akwai inda na ɓata lokaci ina neman makullin wani ɗaki, ina zagaye gida ɗaya har na fara hamma. Babbar matsalar kuwa ita ce fatalwar. Muddin murya ce kawai, raina a hannunta yake. Da ta fito fili, tsohuwa mai ƙwarya a kafaɗa, ta biyo ni ta kama ni, fuskar kwamfuta ta yi ja, aka mayar da ni baya, karon farko na yi ihu. Karo na gaba tsaki na yi. Daga baya har ina ce mata ta bari in wuce ina sauri. Mutuwar da ake dawowa daga gare ta ba ta daɗe tana ba mutum tsoro. Na kuma ce masa ƙauyen ya yi kama da mai faɗi, amma hanya ɗaya ce tal aka yarda ka bi, wadda labarin yake so.

Ya saurare ni yana gyaɗa kai, kamar hankalinsa ba a nan yake ba. Sai ya ce, "Oga, muryar nan ta kakata ce. Kuma ba ta sani ba."

Ya ba mu labarin a hankali. Ƙauyen da ke cikin wasan nasu ne na gaske, wanda aka tashi kafin a haife shi. Daga bakin kakarsa ya gina shi, gida gida, yana naɗar hirarta a waya. Wata rana cikin hira ta kwaikwayi yadda take kiran ɗanta na fari da yamma, yaron da ya rasu yana ƙarami, aka binne shi a can. Da aka tashe su an kwashe kaya da kaji da iri, amma ba a kwashe kabari. Injiniya ya ji kiran ya san ya samu abin da ba ɗan wasan da zai iya yi masa, sai ya yanko shi ya sa a bakin fatalwa. Da mahaifiyarsa ta gane, ta ce wasan ba zai fita daga ɗakin nan ba sai tsohuwar ta gani da idonta ta yarda. In ta ƙi, ba baje koli, kuma ba wasa, domin a kan muryar aka ɗora komai. Shi kuma ya ce hannunsa ba zai iya riƙe abin dannawa a gabanta ba. Ni yake so in buga, shi ya kalli fuskarta.

Wallahi da na san wannan ce maganar da ban baro Zariya ba. Amma na ci taliyar mutum, ga shi yana kallona kamar wanda ruwa ya ci.

Washegari muka ratsa birnin zuwa Kurudu, inda tsohuwar ke zaune wurin ɗanta. Tituna shimfiɗa-shimfiɗa, furanni a tsakiya, gine-gine masu gilashi, mutum a ƙafa kuwa sai ka nema. A wani wuri Injiniya ya nuna wata doguwar katanga mai waya a sama, ya ce a cikin nan ƙauyen yake, ya mayar da hannunsa cinya. Da muka gangara Nyanya sai na ga inda mutanen Abuja suke. Hannunmu a sake yake don fita muke yi, ɗaya hannun kuwa motoci ne maƙare iya ganinka, masu shiga birni aiki, wasu sun yi barci kansu a jikin gilashi. Tashar ta cika ta batse, 'yan kamasho na ihu da Hausa da Turancin buroka a numfashi ɗaya. Muka bi ta Karu, kwalta ta fara ƙarewa, gidajen bulo marasa filasta suka fara cakuɗuwa da kunyoyin doya. Wani Bafulatani ya tsayar da mu da sandarsa har shanunsa suka gama tsallakawa.

Kaka 'yar ƙaramar tsohuwa ce, kafaɗarta ɗaya ta ɗan sauka saboda ɗaukar kaya, don matansu a kafaɗa suke ɗauka ba a ka ba. Tana ganin jikanta ta washe baki ta ce, "Maigida, sai yau? Ka samu wani mata a birni ko?" Ya durƙusa ya gaishe ta, muka durƙusa mu ma. Hausarta irin ta mutanen wurin ce, namiji da mace duk ɗaya, amma ba abin da ke wuce ta. Ta sa aka kawo mana sakwara da miyar agushi, irin sakwarar da ba a samu a gidan abinci, ta tsaya a kaina sai na cinye. Ina ci ina jin kamar wanda ya zo gidan mutane da mugun labari a aljihu.

Bayan azahar aka rataya zani a ƙofar ɗakinta, aka ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugune. Ba a sa abin kunne ba, aka bar sautin a fili. Kaka ta zauna a gefen gado, ɗanta yana tsaye a bakin ƙofa, Injiniya ya rakuɓe a ƙasa. Abokina ya ɗaga kyamara, na girgiza masa kai, ya mayar da ita jaka.

Da ƙauyen ya bayyana sai ta matso. Ta gane shi nan take. Ta fara nuna gidaje da ɗan yatsa tana faɗin masu su, tana dariya, tana taɓa kafaɗar jikanta. Ƙarar dakan da ta sa ni zufa jiya ita murmushi ta sa ta, har ta faɗi wadda ta fi kowa iya daka a unguwar. Ni kuwa na san abin da ke tafe, kuma ba hanyar kauce masa. Na rage tafiya, na tsaya kallon randa, na zagaya turmi, duk don in ja lokaci. Amma labari ne, dole ya kai ka inda ya nufa.

Kiran ya taso. Dariyar ta ɗauke. Ɗanta da ke bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Ban taɓa jin tsoro a gaban kwamfuta irin na wannan lokacin ba, kuma ba kwamfutar nake tsoro ba. Tsoro nake kada tsohuwar nan ta yanke jiki ta faɗi a gabana, a ce da hannuna na danna. Ina jin numfashinta kusa da kunnena. Muryar ta matso, fatalwar ta fito, na yi abin da wasan ya koya mini, na ruga.

"Ɗana, me ya sa kana gudu?" in ji ta. "Tsaya mana."

Na tsaya. Fatalwar ta cim mini, fuskar kwamfuta ta yi ja, aka mayar da ni baya. Kaka ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce in koma gidan nan mai rumbu biyu, gidanta ke nan. Na koma. Ta ce in bi ta bayan rumbun, akwai 'yar hanya da ke zuwa gindin ɗorawa. Na juya mutumin nawa na danna gaba. Ƙafafunsa suna tafiya, amma bai gusa ba. Ba katanga, ba ƙaya, ga ɗorawar can ana hangowa, amma kamar an kafa gilashi a gabansa. Na sake dannawa, na gwada ta gefe, yana ta taka wuri ɗaya.

"Yana can," in ji ta, ta ɗora ɗan yatsa a kan bishiyar. "Ka wuce mana."

Injiniya ne ya amsa. Ya ce bai gina wurin ba. Labarin bai bi ta can ba, saboda haka bishiyar hoto ce kawai, bayanta ba komai. Jiya ni na kawo masa ƙorafin hanya ɗaya tal, ina jin kaina gwani. Ban san nauyin maganar ba sai da na ga tsohuwa da ɗan yatsa a kan gilashi.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta janye hannunta ta goge a zani. Ta ce ta taɓa sa ɗanta ya kai ta wurin katangar nan ta birni, mai gadi ya ce ba a shiga. Sannan ta juya ga jikanta.

"Maigida, murya na ba ka, ka riƙe. Amma kada muryan ya kori kowa. Ni ban kori kowa ba, mu aka kora. Ɗana nake kira." Ta nuna kwamfutar da haɓa. "Kuma ka buɗe mini hanyan nan."

Wanda ba ya harkar zai ɗauka an yarda ke nan, an gama. Ni da Injiniya mun san abin da ta ce. Cire korar daidai yake da rushe rabin wasan, ga sabon wuri da za a gina daga tushe. Ba aikin da zai ƙare kafin baje kolin ba ne, ko da ya daina barci gaba ɗaya. Zai iya kai wasan yadda yake, tsohuwar ba za ta taɓa sani ba. A hanyarmu ta komawa goslo ya kama mu a Nyanya, muka daɗe a tsaye cikin hayaƙi da hon, ba mu tambaye shi shawarar da ya yanke ba.

Da safe muka kamo hanyar gida. Shirun Kateri ya sake sauka a motar, na sake tsorata kamar yadda na saba, amma rabin hankalina yana Kurudu. Mun iso Zariya lafiya kafin la'asar, alhamdu lillahi. Masu tambayar bidiyo, akwai na Kubwa inda na wurgar da abin dannawa, za ku sha dariya. Na Kurudu babu, kuma ba za a samu ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, wasan ban tsoro mai labari ƙarfinsa ba a dodo yake ba. Yana cikin abin da ka sani, turmin gidanku da kiran yamma, da kuma sa ka da yake yi ka taka da ƙafarka. Rauninsa kuwa, mai labarin ne ke zaɓar inda za ka taka da wanda za ka guda, kuma ba kullum yake zaɓa daidai ba. Na shekara da shekaru ina gudun fatalwa a wasanni, ban taɓa tsayawa na tambayi me take nema ba.

Ina cikin rubuta wannan Injiniya ya kira. Ya janye daga baje kolin. Ya ce ya koma Kurudu da kwamfutarsa don ta kwatanta masa abin da ke bayan rumbun, tunda duk wanda ya san wurin ya rasu, ita kaɗai ta rage. Ta faɗi hanyar, ta faɗi ɗorawar, ta faɗi wani faffaɗan dutse da suka ɗora a kan kabarin. Da ya tambaye ta ta wane gefen bishiyar dutsen yake, sai ta rufe ido ta daɗe. Da ta buɗe, ya ce bai taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Maigida, ka yi sauri. Na duba a kaina, ban gane ko dama ne ko hagu ba."